Neman Zaren Tsamiya a Gonar Fayin

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce muka ɗauki hanya daga gidanmu da ke bayan High Point Road, nan Greensboro. Mu uku ne a motar: ni a sitiyari, surukina a gefena, sai abokina Bakano a baya, ya miƙe ƙafafu sai ka ce shi ya sayi motar. A but ɗin motar akwai bokiti biyu, da tabarma, da buta, da wani ƙullin toka da surukin nawa ya kwaso daga wurin da muke gasa nama. Ku da kuka gan mu a ƙofar masallaci kuna tambaya ko kamun kifi za mu, ga amsarku yau. Tsutsa muka je nema.

Bari in faɗa muku yadda aka yi magidanta uku masu hankali suka tashi takanas don tsutsa.

Surukina, wanda kowa ke kira Baba, maɗinkin hannu ne daga Damagaram, cikin masu yi wa babbar riga aiki a ƙirji da zaren tsamiya. Saboda yaran da aka haifa a nan, zaren tsamiya ba daga jikin bishiya ake ɓare shi ba. Wata tsutsa ce take cin ganyen tsamiya ta saƙa wa kanta gida, a ɗebo gidan a dafa shi da toka, a kaɗa, ya fito zare mai ruwan ƙasa-ƙasa wanda riga kan tsufa ta bar shi. Baba ya zo wurinmu farkon shekarar nan da takardunsa suka fito. Matata ita ce ɗiyarsa ta fari, mahaifiyarta ta rasu tun da jimawa, kuma yanzu tana da ciki, ana sa ran haihuwa bayan ƙaramar salla. Kun san halin dattawanmu da ɗan fari. Ba ya kiran sunanta, ba ya kallonta ido da ido, in zai yi mata magana sai ya fuskanci bango ya ce a gaya wa mutanen gidan nan kaza.

Tunda ya ji labarin cikin yake ɗinka mini rigar da zan sa ranar suna. Aikin aska biyu ya ɗauko, wato zanen nan mai tsini biyu da ke saukowa a ƙirjin riga. Ya gama aska ɗaya, zaren da ya zo da shi ya ƙare. Kwana kaɗan bayan haka ya ce a gyara masa tikiti, zai koma gida kafin azumi, ya ƙarasa rigar can ya aiko. Na ce cikin ladabi ai ana iya aiko da zaren ta hannun masu zuwa. Ya ce kasuwa ta cika da jabu, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Ruwa dai ba ya tsami banza. Muddin allura na hannunsa, shi mutum ne da ke kan aiki. Da zare ya ƙare, ya zama tsoho da ke zaune a gidan suruki yana jiran haihuwar ɗiyar fari, kuma wannan a wurinsa abin kunya ne da ba zai iya ɗauka ba. Matata ba ta da bakin da za ta ce masa ya zauna, ni ma ba ni da shi. Ta shiga kicin ta yi kukanta, don duk ƙasar nan ba ta da wani nata sai shi.

Nan Bakano ya shigo. Yana aiki da wani kamfani mai dasa wa mutane bishiyoyi da furanni a gidajensu, kuma ya fi ni sanin ranar da ake tuwo a gidana. Tsakanin Kanawa da Damagarawa kuwa kun san akwai wasa, saboda haka abin da ni ba zan iya faɗa wa Baba ba ko da wuƙa a wuya, shi yana faɗa yana lasar miya. Ya ce a wata gona da yake zuwa ɗauko dashe can kudu, ya ga tsutsa tana saƙa gida a jikin ƙananan bishiyoyin fayin, waɗannan masu ganye kamar allura da ba sa kaɗewa ko da sanyi. Baba ya ajiye cokali. Da na raka Bakano waje na tambaye shi tsakaninsa da Allah ko zare ne, ya ce shi dai ya ga yana, sauran kuma gani ya kori ji.

Mun tsaya shan mai kafin mu bar gari. Galan yana neman dala uku, na cika tanki ina ta istigfari, Bakano yana ba ni haƙuri daga cikin mota ba tare da ya taɓa aljihunsa ba. Daga nan muka hau hanya ta 220, muka miƙa kudu. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, babu rami, babu mai tsayar da kai ya ce ina takardu. Raɓa ta kwanta a kan filaye, ga coci-coci farare a kowace mararraba, ga shanu baƙaƙe marasa tozo suna kiwo babu makiyayi. Ni dai idona na kan titi, don tuƙi da suruki a gefe wani irin aiki ne. Ba ka kunna kiɗa, ba ka hamma, in wani ya yanko gabanka ba ka da halin faɗa masa abin da ya dace da shi.

Abin da ya fara buɗe bakin Baba wani yaɗo ne mai faffaɗan ganye da ya lulluɓe bishiyoyi da turakun lantarki a bakin hanya, har da wani tsohon gida ya haɗiye shi ɗungurungum. Ya tambaya ko shuka shi aka yi. Bakano ya ce annoba ce, mutanen nan sun rasa yadda za su yi da shi. Baba ya daɗe yana kallo ta taga, sannan ya ce, "Duk ƙasar nan babu mai akuya?" Ya yi ta lissafa mutanen unguwarsu da za su yi arziki da wannan harawa a rani ɗaya. Tausayin Amurkawa ya kama shi sosai.

Mun wuce Asheboro, ƙasa jawur kamar ta yin bulo. Gaba kaɗan sai ga allunan magina tukwane a Seagrove, gida bayan gida. Baba ya so a tsaya a ga ko suna yin randa, Bakano ya ce tukwanensu na ajiyewa a kalla ne, kuma kuɗin guda ɗaya zai sayi randunan unguwa. Muka wuce.

Wajen Candor muka tsaya a wata rumfar kayan gona a bakin hanya. A nan ne ake noman fic, ɗan itacen nan mai gashi-gashi a baya, kuma lokacinsa na gab da wucewa, don haka kwando guda bai kai rabin abin da muke biya a kanti ba. Akwai kankana, da tumatir, da dankali, da kuɓewa. Baba ya ɗaga kuɓewa guda ya karya tsininta, ya ce an bar ta ta tsufa a uwa. Sai kuma ga wata babbar tukunya tana tafasa a gefe, mai rumfar ya buɗe, ashe dafaffiyar gyaɗa ce. Wallahi ban san Turawan karkara na cin dafaffiyar gyaɗa ba sai ranar. Tasu dai an cika mata gishiri, an dafa ta har ta yi laushi kamar wake, amma gyaɗa ce. Baba ya ci ya yi murmushi, ya sa aka ƙaro. Ni kuwa da yake ba a ci a gaban suruki, na ɗauki nawa ƙunshin na zaga bayan mota na tsuguna kusa da taya. Mai rumfar ya leƙo ya tambaya ko tayar ce ta sace, na ce masa ina dubawa ne.

Daga nan muka saki babbar hanya muka yi gabas. Sannu a hankali jar ƙasa ta ɓace, gefen titi ya koma yashi fari tas. Tunda Baba ya zo ƙasar nan bai taɓa ba ni umarni kai tsaye ba sai a wurin. Ya ce, "Tsaya." Na faka. Ya fita, ya cire takalmansa, ya taka yashin nan da tafin ƙafa, ya yi gaba ya dawo, ya duƙa ya dumbuza ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Watanni yana taka kafet da siminti. Ya ce wannan ƙasar gero ce, da zai samu iri da fartanya da an ga aiki. Na ji daɗi ƙwarai da ganinsa haka, har na yi fatan matata na wurin.

Dajin yankin duk fayin ne, dogaye, miƙaƙƙu, ganyensu ya fi tsinken tsintsiya tsawo. In iska ta bi ta cikinsu sai ka ji kamar ruwa na tahowa daga nesa, ga wani ƙamshin ƙaro da ke cika hanci. Mun ga ma'aikata suna tara busasshen ganyen da ya zubo suna ɗaure shi dami-dami. Bakano ya ce sayarwa ake yi, kamfaninsu ma na saye a shimfiɗa a gindin furanni. Baba ya ce ƙasar da ake sayar da shara a bar harawa tana lalacewa, sai addu'a.

Hantsi ya ɗaga muka isa gonar. Mai ita wata tsohuwa ce baƙar fata, doguwa, da malafa da takalman roba, da wani kare da ya zo yana shinshina rigar Baba, Baba yana tattare ta sama yana ja da baya cikin mutunci. Ta san Bakano, ta ɗauka dashe muka zo saye. Da ya yi mata bayanin abin da ya kawo mu, ta dube shi, ta dube mu, ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Ta ce shekara da shekaru tana tsinke abin nan da hannu tana zubarwa, yau ga baƙi daga Afirka sun zo gaishe shi.

Ta kai mu layin ƙananan dashe, waɗanda ba su wuce gwiwa ba. Jefi-jefi sai ka ga wani dunƙule mai ruwan ƙasa, kamar girman ƙwan kaza, ya naɗe a jikin reshe, ganyen kusa da shi duk an cinye. Shi ne gidan. Ta kuma nuna mana uwar, wadda ta mutu a bakin tagar rumfarta: ɗan malam-buɗe-littafi ne irin na dare mai zagaya fitila, toka-toka, bai fi farcen babban yatsa ba. Ta ce shi ke sa ƙwai a kan ganyen, tsutsar ta fito ta ci, kuma babbar bishiya ba ta ko jin ta, ƙananan ne take wahalarwa.

Baba ya tsuguna ya yi bisimilla ya ɓare guda. Wata 'yar tsutsa mai ratsi a baya ta yi baya-baya ta shige rami. Ya murza gidan a tafin hannu, sai ya wargaje ya zama gari. Jama'a, kashin tsutsa ne. Tarin kashinta ne take ɗaurewa da 'yar yana siririya ta zauna a ciki. Na juya na kalli Bakano, shi kuma ya ga wani abin sha'awa a sararin sama.

Amma Baba ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Muka bi layi muna tsinka har bokiti ya kusa rabi, tsohuwar tana murna an yi mata aiki kyauta. Ta ara mana tsohuwar tukunya da murhun gas, Baba ya kwance ƙullin tokarsa, ya jiƙa ya tace, ya zuba, ya tsaya yana juyawa da kara yadda ya ga mahaifiyarsa na yi. Ruwan ya koma baƙi. Warin da ya tashi, kare ma ya bar wurin. Bakano ya ce, "Baba, shayin Damagaram ya dahu, a kawo kofi?" Baba ya ce, "Kawo, baƙo ke fara sha. Ai kai ka gano rijiyar." Da aka tsiyaye, abin da ya rage a kan karan bai fi gashin da ke maƙalewa a matsefi ba. Baba ya ɗora shi a cinya ya murza, ya tsinke. Ya sake murzawa, ya sake tsinkewa.

Su suna dariya, ni hankalina na can gida. Da wannan tafiyar na rarrashi matata, na ce ta bari mu je mu dawo. Yanzu zan koma in ce mata babu zare, ranar Litinin in kira kamfanin jirgi.

Muka yi azahar a inuwar manyan bishiyoyin, a kan ganyen nan mai laushi da ko tabarma ba ya buƙata. Tsohuwar ta kawo mana shayi mai sanyi da ƙanƙara a ciki, zaƙi kamar an narka rake, muka buɗe dambun naman da matata ta ƙulla mana. Baba bai ci da yawa ba. Yana zaune yana kallon dashen, can sai ya ce wa Bakano ya tambayar masa ita: in tsutsar nan ta ƙoshi, ina take zuwa?

Ta ce saukowa take yi ta shiga yashi, ta yi wa kanta ɗan kwanso ta kwanta.

Ya ce a tambaye ta sai yaushe take fitowa.

Ta ce waɗannan na yanzu, sai sanyi ya zo ya wuce gaba ɗaya, gari ya sake ɗumi, sannan su fito da fiffike.

Baba ya sa aka maimaita masa. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ashe mu muka yi gaggawa. Makewayinta muka dafa. Ɗakin kwananta ne zai yi zare, tsamiya ma sai ta gama ci take saƙa na kirki." Ya ce a roƙar masa yashi cikin bokiti, da dashe biyu-uku masu tsutsa a jiki. Zai kiwata su, su sauka su yi kwansonsu, in sun fashe sun tashi ya ɗauki abin da suka bari ya gwada. Ya ce ba ya son a kashe su a ciki, alhaki ne.

Ni da azarɓaɓi na buɗe baki zan ce kwanson da bai kai ƙwayar wake ba, guda nawa za a tara kafin a yi aska guda. Ban kai ga kalma ta biyu ba Bakano ya taka mini ƙafa, taku na mugunta. Na ɗaga kai na saci kallon Baba, abin da ban saba yi ba. Mutumin da ya tsufa da zare a hannu, wanda ke gane jabu da ido a rufe, ba ni zan gaya masa abin da tsutsar nan za ta iya ba. Ya sani sarai. Fuskarsa a ɗaure take kamar mai cinikin sa, ya duƙa yana zuba yashin a bokiti.

Tsohuwar ta ba mu dashe huɗu ta ƙi karɓar ko sisi, ta ce in an samu riga a kawo mata ta gani. Baba ya sa mata albarka doguwa da Hausa, ta ce amin a daidai inda ake cewa, ban san yadda aka yi ta gane ba.

Dawowa ta fi tafiya daɗi nesa ba kusa ba. Baba ya ƙi yarda a sa bokitin a but, a tsakanin ƙafafunsa ya riƙe shi. Ya yi ta ba mu labarin zamanin da yake yaro suna bin tsamiya da gora suna kakkaɓo gidajen tsutsa, da yadda gashinta ke sa ƙaiƙayi, da wani Bakano da ya taɓa sayar masa da auduga rinanniya a kan tsamiya ce. Bakanonmu ya ce wannan ba cuta ba ce, darasi ne aka ba shi da araha. Ruwa ya ɗan taɓa mu wajen Asheboro ya ɗauke. Har fic Baba ya ɗauko daga kwando ya miƙo mini da hannunsa. Na karɓa na gode, na ajiye shi a cinya, da shi na shigo Greensboro.

Mun iso gida kafin magariba. Matata ta buɗe ƙofa, ta dubi hannuwanmu ba ta ga zare ba, ta ga yashi da itace, ta sunkuyar da kai ta yi mana sannu da zuwa. Baba ya wuce baranda ya jera dashensa, ya gyara wa bokitin wuri inda ruwan sama ba zai cika shi ba. Sannan ya fuskanci bango ya ce, "A gaya wa mutanen gidan nan kada a taɓa mini yashin nan. Kiwo ne, kuma ba a barin kiwo a hannun wanda bai san shi ba. Maganar tikiti a dakata sai sun fito."

Ya shiga alwala. Ta matso kusa da ni ta tambaya a hankali, yaushe suke fitowa? Na ce sai bayan sanyi, an yi ƙaramar salla an yi suna. Ta tsaya tana kallona, sannan ta zauna a hannun kujera ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza, dariya da kuka a haɗe.

An ce tafiya mabuɗin ilimi. Na ga ƙasar yashi a Amurka, na ci gyaɗar Turawa, na san tsutsar fayin ba ta zare. Amma babban abin da na ɗauko shi ne, dattijo irin Baba ba a roƙonsa ya zauna, don in ka roƙe shi ka tilasta masa ya ce a'a. Dalili ake nema masa, ko da na tsutsa ne, a kuma kama baki. Saboda haka masu zuwa gaishe shi, ina roƙonku, in ya kai ku baranda ya nuna muku bokitin, ku duba da kyau ku ce Allah ya sa albarka a kiwo. Ranar suna kuma in kun gan ni da tsohuwar rigata kada wanda ya tambaye ni ina sabuwa. Wanda zai yi wa jaririn huɗuba yana nan.